Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Mahukuntan Ilimi da Malaman Kano: Ƙwaƙwalwar Yaro Ba Rumbu Ɗaya Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano, da shugabannin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, da masu horar da malamai, da shugabannin makarantun boko da na Islamiyya, da iyayenmu alarammomi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu wasu ne daga cikin masu koyarwa da nazarin halayyar ɗan'adam da aikin ƙwaƙwalwa a nan birnin Kano. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata magana ce da ake yawan jifan yara da ita a aji da tsakar gida: "ba shi da ƙwaƙwalwa." Daga ita sai "daƙiƙi." Da zarar an furta, an rufe ƙofar bincike. Alhali yaron da aka ce ba ya riƙe komai shi ne yake kwance injin babur a garejin yayansa, ya mayar ba tare da noti ɗaya ya yi saura ba. Yarinyar da ta kasa kawo ma'anar darasin jiya ita ce ta san kowa da kowa da ya ci bashin awarar mahaifiyarta, da ranar da ya ci, da nawa ne ya rage. Tun da aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ake maganar ajujuwa da kujeru da ɗaukar malamai, kuma duk ana bukatarsu. Mu abin da muka kawo ba ya cin bulo ko siminti. Muna roƙon a sanar da kowane malami cewa ajiyar da ƙwaƙwalwa take yi ta dogon lokaci iri-iri ce, kowace da hanyar da ake cika ta da hanyar da take lalacewa.

Kafin a kai ga rumbunan akwai ɗan faifan da ƙwaƙwalwa take aiki a kansa. Shi ne yake riƙe lambar waya daga lokacin da aka faɗa maka zuwa lokacin da ka danna ta. Ƙarami ne ƙwarai. A 1956 George Miller ya ƙiyasta yana ɗaukar abu kusan 7, masu binciken da suka biyo baya suka sauko da adadin zuwa kusan 4. In ba a nanata ba, cikin sakan 20 zuwa 30 abin ya zube. Malamin da ya jera wa ɗan aji uku umarni shida a numfashi ɗaya, ya buɗe shafi kaza, ya ja layi, ya rubuta kwanan wata, ya kwafi na farko, ya tsallake na biyu, ya amsa na uku, ya cika faifan ya yi ambaliya tun kafin a je ga maganar ajiya. A ba da biyu, a jira, a ƙara biyu, sauran a rubuta a allo.

Yadda aka gano rumbunan suna da yawa kuwa, ta hanyar marasa lafiya ne. A 1953, a garin Hartford na Amurka, wani likita mai suna William Scoville ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 27, Henry Molaison, tiyata don a rage masa farfaɗiya mai tsanani. Ya cire masa wani yanki daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, can ciki daura da kunnuwa, har da mafi yawan wata gaɓa da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar bai ƙara ajiye sabon abin da ya faru da shi ba. Za ka gaisa da shi, ka fita, ka dawo bayan 'yan mintoci, ya karɓe ka kamar bai taɓa ganin ka ba, alhali hankalinsa da maganarsa lafiya lau. Wata mai bincike, Brenda Milner, ta ba shi wani aiki: ya bi layin zanen tauraro da fensir, amma ba ya ganin hannunsa sai ta madubi. Duk wanda ya gwada ya san yadda hannu yake bijirewa, ka nufi nan ya yi can. Kwana 3 yana yi, kura-kuransa suna raguwa har ya goge, amma in aka kawo masa aikin ba ya tuna ya taɓa yin sa. Hannu ya koya, mai hannu bai sani ba. Ya rayu a haka har 2008.

Daga irin wannan ne masana suka raba ajiyar gida biyu. Akwai wadda ake iya fito da ita a faɗe ta da baki, akwai wadda ba ta faɗuwa, sai dai a gan ta a aikace. Bahaushe ya riga ya san wannan rabon, don shi ne ya bambanta sani da iyawa. A gida na farko akwai rumbun abin da ya faru da mutum da rumbun sani. A na biyu akwai rumbun iyawa da rumbun sabo. Bayan waɗannan akwai wasu ƙanana.

Rumbun abin da ya faru da mutum shi ne yake riƙe aukuwa tare da wurinta da lokacinta: ranar da aka kai ka makaranta, wanda ya riƙe hannunka, rigar da ka sa. Rumbun sani kuma yana riƙe gaskiyar abu tsirara, ba wuri ba lokaci. Ka san an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, ka san Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ka san 7 sau 8 shi ne 56, amma ba ka tuna ranar da ka koye su ko bakin da ka ji su. Endel Tulving, wani masani a Kanada, shi ya fayyace wannan bambanci a 1972. Daga baya ya yi nazarin wani mutum, Kent Cochrane, wanda ya yi hatsarin babur a 1981. Mutumin ya san abubuwan da ya koya a makaranta, ya san danginsa suna da gidan hutu da inda yake, amma ba ya iya tuna ko sau ɗaya da ya taɓa zama a cikinsa.

Wanda ya fi shafar malamai shi ne abin da Faraneh Vargha-Khadem da abokan aikinta na Landan suka wallafa a 1997. Matasa uku ne da hifokamfas ɗinsu ya samu rauni tun suna ƙanana. Ba sa iya faɗin abin da suka yi ɗazu, ba sa isar da saƙo, suna ɓata hanya a wurin da suka saba. Duk da haka sun yi makaranta tare da sauran yara, sun iya karatu da rubutu, sun tara sani gwargwado. Irin wannan rauni yana iya biyo bayan ƙarancin iska lokacin haihuwa ko jijjiga mai tsawo, kuma duka biyun ba baƙi ba ne a gidajenmu. Yaron da kullum yake manta aike da inda ya ajiye jakarsa, amma yana amsa tambayar darasi, ba raini yake yi ba. Wanda kuma yake ba da labarin bikin bara tiryan-tiryan amma ya kasa riƙe ma'anar kalma, matsalarsa a wani rumbun take, maganinta ma daban.

Rumbun aukuwa yana da wani hali da ya kamata kowane shugaban makaranta ya sani, domin da shi ake yanke wa yara hukunci. Ba hoton waya ba ne da za a buɗe a tarar da shi yadda aka ɗauka. Duk lokacin da mutum ya tuna abu, sake haɗa shi yake yi daga guntaye, ya cike giɓi da abin da ya ji daga baya. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin hatsarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Wasu aka yi musu tambayar da kalma mai zafi, irin a ce motocin sun ragargaji juna, wasu da kalma mai sanyi, irin a ce sun bugi juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasassun gilasai. Babu fasasshen gilashi ko ɗaya a fim ɗin, amma 16 cikin 50 na masu kalma mai zafi suka ce sun gani, a ɗaya rukunin kuwa 7 cikin 50. Kalma ɗaya a bakin mai tambaya ta shiga cikin abin da shaida yake rantsuwa ya gani. Don haka in an yi sata ko faɗa a makaranta, a raba shaidu kafin su yi hira da juna. A tambayi kowa shi kaɗai, a ranar, a ce masa "faɗa mini abin da ka gani daga farko," a bar shi ya gama, a rubuta da kalmominsa. Kada a ce "wane ne ka gani yana buɗe jakar, ko?" Kuma ƙarfin muryar yaro da rantsuwarsa ba su ne ma'aunin daidaito ba. Yana iya yin kuskure da zuciya ɗaya.

Wannan rumbu yana da amfani a koyarwa. Yaron da aka hau da shi Dutsen Dala, ko aka zaga da shi Gidan Makama, ko ya tsaya bakin karofi a marinar Ƙofar Mata, ya samu ƙugiyar da zai rataya sani a kai. Sai dai aukuwa tana dusashewa, abin da yake saura sau da yawa shi ne motar da aka shiga da abincin da aka ci. In ana so ziyara ta koma sani, a ba yara tambayoyi uku kafin a tafi, washegari su rubuta amsa ba tare da duba komai ba, a sake waiwayar tambayoyin bayan mako biyu.

Yanzu ga rumbun sani, inda jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suke zuwa awo, inda kuma muke ganin an fi yin asarar wahala.

Abu yana shiga wannan rumbu gwargwadon yadda aka juya ma'anarsa. A 1975 Fergus Craik da Tulving sun nuna wa mutane kalmomi. Wata kalmar a tambaye su ko da manyan baƙaƙe aka rubuta ta, wata ko amonta ya yi daidai da wata kalma, wata kuma ko ta dace da wata jimla. Kalmomin da aka yi tambaya a kan ma'anarsu su aka fi tunawa nesa ba kusa ba. Kwafar rubutu daga allo na minti 30 aiki ne na ido da hannu, yaro yana iya cika shafi uku ma'ana ba ta ratsa kansa ba. Abin da yake sa ta ratsa shi ne a tambaye shi dalili, a ce ya kawo misali daga unguwarsu, a ce ya faɗa da Hausarsa. Sabon sani kuma a jikin tsoho yake kamawa. Wanda zai koyar da kashi cikin ɗari ya fara da ribar ɗan tireda ko zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, kafin ya kai ga alamomi.

Bayan shiga sai zama, a nan mantuwa take jira. Hermann Ebbinghaus na Jamus ya auna ta a kansa, ya wallafa a 1885. Ya haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya ga bayan minti 20 abin da ya rage kusan kashi 58 ne cikin 100, bayan awa ɗaya kashi 44, bayan kwana ɗaya kusan kashi ɗaya bisa uku, bayan wata guda kashi 21. Abu mai ma'ana ba ya zubewa da wannan saurin, amma siffar ɗaya ce: asara mafi yawa a farko take. Darasin da aka koyar ranar Litinin ba a sake taɓa shi ba sai makon bita na ƙarshen zango, kusan sabon koyarwa za a yi.

Maganin da aka fi tabbatarwa shi ne a sa yaro ya ciro abin daga kansa. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a wata jami'a a Amurka, sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta karanta shi a zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, a sauran ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai lamarin ya juye: masu maimaita karatu suka tuna kashi 40 cikin 100, masu cirowa daga ka kashi 61. Masu maimaitawar kuma su suka fi amincewa za su tuna. Wannan shi ne tarkon da ɗalibanmu suke faɗawa daren jarrabawa. Maimaita kallon shafi yana haifar da sanin fuska, ka ga abu ka ji ka san shi. Jarrabawa kuwa suna take tambaya. Haka nan in malami ya ce "kun gane?" aji ya amsa da "e" baki ɗaya, bai auna komai ba.

Allah ya gafarta malamai, a wannan fage tsangaya ta riga boko. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya ba dubawa. Ana tilawar baya kullum, ba a barin tsohon izu don an shiga sabo. Mai satu yana rubuta Alƙur'ani daga ka, sannan a duba masa a gyara. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya umarci a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Cirowa daga ka, da tazara tsakanin bita, da gyara nan take, duk suna nan. Abin takaici, makarantar boko ta ari rera karatu baki ɗaya, ta bar tilawar baya, wato ta ɗauki ɓawon ta bar ƙwayar.

Rerawa tana da iyakarta, kuma alarammomi sun san ta. Abin da aka haddace a jere sarƙa ne, kowace gaɓa ita take janyo ta gaba. Shi ya sa a musabaƙa ake ɗauko wa mai karatu aya daga tsakiya, shi ya sa kuma ake ba ayoyi masu kama da juna kulawa ta musamman, don a nan sarƙa take tsallakawa wata sura. Yaron da ya koyi jadawalin sau da waƙa, in ka ce masa 7 sau 8 sai ya faro daga 7 sau 1. Maganinsa a riƙa tambayarsa a warwatse har amsar ta riƙa fitowa ita kaɗai. Kuma riƙe lafazi daban, riƙe ma'ana daban. Yaro yana iya kawo bayanin yadda tsiro yake haɗa abincinsa kalma da kalma da Turanci, ka tambaye shi me zai faru da shukar da aka kife da tukunya mako biyu ya yi shiru.

Ga abin da muke roƙo a mayar ƙa'ida a kowane darasi na minti 40. Minti 7 na farko a rufe littattafai. Malami ya yi tambaya 5: biyu daga darasin da ya gabata, biyu daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Kowane yaro ya rubuta amsa, domin in aka ce a ɗaga hannu yara biyar ne za su yi aikin, sauran su yi kallo. Sannan malami ya faɗi amsoshin nan take, yara su yi musayar takarda su duba wa juna. Wannan yana yiwuwa ko a aji mai yara ɗari, don malami ba ya ɗaukar komai zuwa gida. Abu biyu ne suke ɓata shi. In ba a ba da amsa daidai ba, kuskuren da yaro ya ciro shi zai ƙara zama. In kuma aka mayar da shi abin ba da maki ko dalilin bulala, yara za su koma satar amsa, cirowar ta mutu.

Tazarar bita kuma tana da lissafi. Wani babban bincike da Nicholas Cepeda da abokansa suka wallafa a 2008, da mutum fiye da 1,350, ya nuna in ana son abu ya kai mako guda, bita bayan kwana ɗaya ko biyu ta fi; in ana son ya kai shekara, tazarar ta kai wajen mako uku zuwa wata guda. Awa shida a dare ɗaya ba ta kai awa ɗaiɗai a kwana shida masu tazara ba. Ɗalibi zai iya yi wa kansa da kwali da gwangwani uku: tambaya a gaban kati, amsa a baya. Gwangwani na farko a duba kullum, na biyu duk kwana uku, na uku mako-mako. Katin da aka ci ya matsa gaba, wanda aka faɗi ya koma na farko ko daga ina yake. A lissafi kuma a riƙa gauraya nau'in tambayoyi. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada haka a 2007: waɗanda suka yi atisaye nau'i-nau'i a ware sun fi haskawa a lokacin atisayen, amma bayan mako guda suka ci kashi 20 cikin 100, masu gaurayawa suka ci 63. Dalili shi ne a takardar jarrabawa ba a rubuta wa yaro hanyar da zai bi, shi zai gane ta, kuma ganewar ma sai an koye ta. Muna roƙon masu tsara manhaja su bar wa bita gurbi a cikin kowane mako, ko da za a rage yawan batutuwa.

Rumbun iyawa ba ya jin bayani. Wasu sassa ne can ƙasan ƙwaƙwalwa da ta ƙeya suke ɗauke da shi, shi ya sa ya tsira a wurin Molaison. Tuƙin adaidaita sahu, taka keken ɗinki, riƙon alƙalami, fitar da harafi daga mafitarsa a tajwidi, duk nan suke. Koyonsa hawa uku ne. Da farko mai koyo yana faɗa wa kansa kowane mataki, yana jinkiri, yana kuskure. Sannan matakan su fara haɗewa. A ƙarshe aikin ya koma yin kansa, har tela ya riƙa hira yana ɗinki. Abin da ya shiga nan yana daɗewa ƙwarai, wanda ya iya keke yana yaro ba ya mantawa. Wannan daɗewar ita ce kuma hatsarinsa, domin kuskuren da aka maimaita sau ɗari ya zauna daram kamar daidai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: riƙon fensir da zaman harafi a makonnin farko na aji ɗaya ake gyara su, malami yana zagawa yana kallon hannu, ba littafin da aka gama ba.

Atisaye gajere kullum ya fi dogo jefi-jefi. Alan Baddeley da wani abokin aikinsa sun nuna haka a 1978 da ma'aikatan gidan waya na Ingila masu koyon buga keken rubutu: masu yin awa ɗaya a rana sun ƙware cikin jimillar awoyi ƙasa da na masu yin awa huɗu a rana. To, ɗalibin da zai zauna JAMB, tambaya 180 cikin awa 2 a kan kwamfuta, in bai taɓa riƙe linzaminta ba sai zanenta da ya gani a allo, faifan aikinsa zai ƙare a neman inda zai danna. Minti 20 sau uku a mako na zango ɗaya ya fi a kwashe su yini guda ana gobe jarrabawa. Haka awon sinadarai a ɗakin gwaji: wanda bai taɓa sarrafa famfon bututun awo da yatsunsa yana ɗiga ruwa ɗigo-ɗigo har launi ya juya ba, haddar matakan ba za ta hana shi zarcewa ba. Karatu kansa iyawa ne. Yaron da har yanzu yake haɗa baƙi da wasali da ƙyar, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya zube. Sai karatun ya koma yin kansa sannan wuri yake samuwa na fahimta, shi ya sa minti 15 na karatu a bayyane kullum, da harshen da yaro yake ji, ya cancanci gurbi a aji ɗaya zuwa uku.

Sai rumbun sabo, wanda muke roƙon a saurare mu a kansa da kunnen basira. A 1911 wani likita a Janeba, Édouard Claparède, ya ba da labarin wata majinyaciya da ba ta riƙe sabon abu, kullum sai ya sake gabatar mata da kansa. Wata rana ya ɓoye allura a tafinsa, suka gaisa ta soke ta. Daga baya da ya sake miƙa hannu ta ƙi karɓa, ba ta kuma tuna abin da ya faru ba. Wata ƙaramar gaɓa mai suna amigdala ita take ƙulla tsoro da duk abin da yake wurin lokacin da aka ji zafi, kuma sau ɗaya yana iya isar ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Yaron da ake zane shi duk lokacin da ya kuskure lissafi yana koyon abu, amma abin da yake koya shi ne lissafi da zafi tafiyarsu ɗaya. Bayan shekaru, an manta ranar da malamin, ganin lambobi kawai zai sa gabansa ya faɗi. Ƙari a kan haka, tsananin firgici yana toshe cirowa daga rumbun sani. Wannan ne yaron da ya iya karatunsa a gida, ya zo gaban mai riƙe da bulala kansa ya ɗauke, a ce bai yi bita ba, a ƙara masa, gobe abin ya ƙaru. Warware irin wannan ƙulli yana cin lokaci: tambayoyi masu sauƙi da zai ci, sau da yawa, ba tare da wani abu ya same shi ba, sannan a riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Ko bayan haka tsoron ba ya gogewa gaba ɗaya, danne shi ake yi, kuma duka ɗaya yana iya tayar da shi. Muna roƙon a raba horo a kan rashin ɗa'a da kuskuren karatu. Kuskure a lokacin biyawa shi ne yake nuna wa malami inda zai gyara.

Akwai wasu ƙanana biyu. Ɗaya sharar fage ce: abin da ido ko kunne ya taɓa cin karo da shi yana saurin ganuwa daga baya, ko mutum bai tuna ya gan shi ba, don haka rubuta sababbin kalmomin mako a gefen allo tun Litinin yana sauƙaƙa darasin Alhamis. Ɗayan shi ne tuna abin da za a yi nan gaba, wato aike da alkawari. "Kada ka manta" ba ta da ƙugiya. A ɗaura saƙon a jikin wani abu da dole zai faru: "in ka cire takalmi a ƙofar ɗaki, ka miƙa wa Umma takardar nan."

Duk rumbunan nan jiki ne yake ɗauke da su. Cikin barci ƙwaƙwalwa take bitar abin da aka koya da rana tana kafa shi. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, matashi awa 8 zuwa 10. Yaron da ya yi boko da safe, Islamiyya da yamma, makarantar dare bayan magariba, ya kuma tashi da asuba, a lissafa masa awoyinsa, iyaye da malaman makarantun uku su daidaita. Kwana a zaune daren jarrabawa yana cin abin da aka tara. Yunwar safe da ƙarancin jini suna rage mai da hankali, abin da hankali bai kama ba kuwa ba ya shiga kowane rumbu. Ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam, da wasu matasa suke sha ba bisa umarnin likita ba, suna hana sabuwar aukuwa zama, mutum ya wayi gari da giɓi a daren jiya.

Muna kuma roƙon a koya wa malamai alamomin da suke bukatar asibiti. Yaron da yake ƙura ido ya ɗauke na 'yan sakanni sau da yawa a rana, a kira shi bai ji ba, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, yana iya zama wani nau'in farfaɗiya ne da ba ya kayarwa, kuma yana da magani. Yaron da karatunsa ya ja baya bayan sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai jijjiga, ko faɗuwa a kan ka, a auna jinsa da ganinsa tukuna, domin sanƙarau yana taɓa kunne, kuma wanda bai ji ba ba za a ce ya manta ba. Wanda ya iya abu a da, yanzu yana rasa shi wata bayan wata, kada a jira ƙarshen zango. Shugaban makaranta ya kira iyaye, ya rubuta musu abin da aka lura da shi, da ranar da ya fara, da sau nawa yake faruwa a rana, su tafi da takardar asibitin da ya fi kusa, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likita yana ganin yaro na 'yan mintoci ne, malami kuwa yana tare da shi awa biyar ko shida a rana, don haka takardar malami tana cikin abin da likitan zai dogara da shi.

Allah ya taimake ku a kan amanar da kuka ɗauka, ya raya mana yaranmu.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wasu masu koyarwa da nazarin halayyar ɗan'adam da aikin ƙwaƙwalwa, birnin Kano.